Mayar da Dutse a Bakin Rijiya

A manyan kantunan Amurka da Turai, da irinsu da aka buɗe a Kano da Abuja, akwai wata 'yar amalanke ta ƙarfe mai ƙafa huɗu wadda mai sayayya yake turawa yana zuba kayan da ya zaɓa. Wani ɗan kasuwa mai suna Sylvan Goldman ne ya fara kawo ta a kantunansa na birnin Oklahoma a shekara ta 1937. Da fari mutane suka ƙi ta. Maza suna ganin tura ta ragwanci ne, mata kuwa suka ce sun gaji da tura keken jarirai. Sai da Goldman ya yi hayar waɗansu mutane suna zagawa da ita cikin kanti kamar masu ciniki, sa'an nan jama'a suka saba. Da suka saba kuma sai wata damuwa ta ɓullo. Mutum yakan tura amalanken zuwa gindin motarsa, ya kwashe kayansa, daga nan sai ya ga dama: ko ya yi taku ashirin ya mayar da ita inda ake jera su, ko ya bar ta nan ya yi gaba. Ba dokar da ta tilasta shi. Ba ɗan sanda, ba tara, ba kuma mai ce masa an gode. Saboda haka waɗansu suka ce wannan ɗan abu ma'aunin hali ne. Wanda ya mayar, in ji su, yana iya mallakar kansa, wanda ya bari kuwa ba ya aikata daidai sai da bulala.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a filin kanti ba ta da nauyi sosai, gama hasarar ba ta wuce ƙujewar fentin mota ba, da ɓacin ran wanda ya zo neman wurin tsayawa. Mai son ganin ainihin nauyinta sai ya bi ta zuwa inda barin abu ba a mazauninsa yake kashe mutum. Akwai irin wannan wuri, Hausawa kuwa sun san shi tun kaka da kakanni, wato hanyoyin hamada da suka haɗa ƙasar Hausa da Barno da ƙasar Fazzan, a kudancin Libiya.

Sabha shi ne babban garin Fazzan a yau, sama da kilomita 600 kudu da Turabulus. A zamanin ayari Murzuk ce take riƙe da wannan matsayi, fatake suna isa can ta Agadas da Gat, ko ta Bilma. Yanzu motocin Hilux ne suka maye gurbin raƙuma. Suna tashi daga Agadas, su bi ta Dirku da Madama da Gatrun, su sauke 'yan ci-rani a Sabha, kowa da sandar da ya riƙe don kada ya faɗo da jarkar ruwansa naɗe cikin buhu. A wannan ƙasa shekara takan wuce ba a ga ruwan sama na kirki ba. Ran matafiyi yana rataye ne a kan rijiyoyi kaɗan masu nisa da juna. Lokacin da Denham da Clapperton suka taso daga Murzuk zuwa Barno a ƙarshen shekara ta 1822, sun tarar da ƙasusuwan mutane fiye da 100 warwatse kewaye da rijiyar Meshru, yawancinsu na bayin da ake korawa arewa.

Rijiyar hamada ba ta da maigadi, maƙiyanta kuwa ba sa barci. Iska tana tura yashi cikinta dare da rana. Dabba mai ƙishi takan leƙa ta faɗa, ta ruɓe, ruwan ya zama dafi. Abin da yake tsare ta bai wuce faifan dutse ba, ko guntun gungumen dabino, ko fallen ƙarfe. Ayarin da ya sha ya cika salkunansa ba shi da sauran bukatar wannan rijiya. Raƙuma sun miƙe, rana tana ɗagawa, madugu yana kira. Wanda ya tsaya ya ja murfin ya rufe bakin yana yi ne domin wani mutum da zai iso bayan kwana biyar ko wata guda, wanda bai san sunansa ba, bai san yarensa ko addininsa ba, mai yiwuwa ma ɗan kabilar da suke gaba da ita ne. Shi kuwa wancan, in ya tarar da ruwa mai kyau, ba zai san wa zai gode wa ba. In ya tarar da yashi, ba zai san wa zai la'anta ba.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan al'ada. A Farawa sura 29, sa'ad da Yakubu ya isa ƙasar Haran, ya tarar da garkuna uku na tumaki kwance kusa da wata rijiya mai babban dutse a bakinta. Masu wa'azi sun fi son tsayawa a kan ƙarfin Yakubu, yadda ganin Rahila ya sa ya gangarar da dutsen shi kaɗai. Amma aya ta 3 ta faɗi wani abu da akan wuce da sauri. Ta nuna cewa makiyayan wurin, in sun gama shayar da dabbobinsu, sukan komar da dutsen mazauninsa. Ba a ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk da haka, da ba su riƙe wannan al'ada ba, da ba rijiyar da Rahila za ta kawo tumakin mahaifinta, da Yakubu kuma bai sadu da ita a can ba. Dokar Musa ma ta taɓa batun. Fitowa 21:33-34 ta ɗora wa wanda ya buɗe rami ya bar shi ba murfi alhakin sa ko jakin da ya faɗa ciki. Lura, mutumin bai tura dabbar ba, bai yi nufin mugunta ba. Laifinsa duka shi ne ya tashi bai rufe ba.

A nan ne ya kamata Bahaushe ya yi wa ladabinsa tambaya. Hausawa mutane ne masu ladabi, ba mai musun wannan. Yaro yakan durƙusa ya gai da babba, ya cire takalmi a zaure, ya karɓi abu da hannu biyu. Mace ba ta kama sunan ɗan farinta. Gaisuwa kaɗai takan ci minti biyar kafin a shiga magana. Sai dai kusan dukan waɗannan ana yin su ne fuska da fuska, abin da yake riƙe da su kuma kunya ce, ita kuwa kunya da ido take rayuwa. Mutumin da zai durƙusa har ƙasa gaban surukinsa shi ne zai sha ruwa a randar bakin hanya ya jefar da moɗar cikin ƙura. Shi ne zai ari turmi ya bar shi a rana har ya tsage, ya ɗauki butar bayan gida ya bar ta ba ɗigon ruwa. Ba ya jin ya yi rashin ladabi, domin a ganinsa ba kowa a wurin. Akwai kowa kuwa, bai dai iso ba tukuna. Mai zuwa daga baya maƙwabci ne kamar wanda yake tsaye a gaba, bambancinsu kawai shi ba ya iya haɗa ido da wanda ya cuce shi.

Baƙunci yakan tona wannan. Ɗan ci-rani a Sabha ya bar idon gida a baya. Ba kawu, ba mai unguwa, ba dattijon ikkilisiya da zai ji labari. Yana kwana da mutum goma a ɗaki ɗaya, waɗansu daga Damagaram, waɗansu daga Katsina, waɗansu daga Gana ko Gambiya, yau wannan ya zo gobe wancan ya wuce Turabulus. Jarkar ruwa ta kowa ce, haka tukunyar gas, haka cajar waya, haka shebur da baron da ake fita da su neman aikin gini. A irin wannan ɗaki ake gane ladabin wa ya tsaya a kan idon mutane, na wa kuma ya yi saiwa. Ubangiji Yesu ya yi ta nanatawa a Matiyu sura 6 cewa Uba yana ganin abin da ake yi a ɓoye. Galibi akan karanta wannan a kan addu'a da azumi da sadaka, gama a kansu ya faɗa. Amma mai bin da ya gaskata shi ba zai iya cewa ba kowa a wurin ba, ko a bakin rijiya, ko a bakin famfo.

Akwai abin da ya nuna cewa mutane suna iya riƙe irin wannan amana tsara bayan tsara ba tare da hukuma ba. A tsakiyar hamadar Tenere, kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, an yi wani itacen ƙaya tilo, ba wani itace kusa da shi sai an yi tafiyar kwanaki. Da aka haƙa rijiya a gefensa a 1938 zuwa 1939, aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. Ayari nawa ne suka sauka a gindinsa cikin sanyin dare, suna bukatar itacen dafa shayi, raƙumansu suna jin yunwa? Ba wanda ya sare shi. Kowa ya bar wa na baya alamar hanya. A shekara ta 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, a filin da ba wani abin karo ko'ina. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa itacen ƙarfe a gurbinsa. Dubban mutane ne suka kiyaye shi, mutum guda ya isa ya kashe shi. Haka kayan jama'a suke, shi ya sa mai cewa nawa ɗaya ba zai yi kome ba bai iya lissafi ba.

Fazzan ta zamani ma ta ga irin wannan. A Dutsen Hasawna, arewa da Sabha, akwai ɗaruruwan rijiyoyin burtsatse da suke tura ruwa ta manyan bututu zuwa Turabulus tun shekara ta 1996. Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 tsaro ya yi sanyi, aka shiga kwance wayoyi da injuna ana sayar da jan ƙarfen da ke ciki. A 2019 hukumar aikin ta bayyana cewa an lalata rijiyoyi fiye da 100. Kowane mai kwancewa yana ganin ɗan abu ya ɗauka daga dukiyar da ba ta kowa ba. Bai taɓa ganin fuskar matar da ta murɗa famfo a nesa ta ji iska kawai ba. Wannan sata ce ƙarara, ta fi barin amalanke muni nesa ba kusa ba, amma tunanin da ya share mata hanya ɗaya ne, wato wanda ba na gani ba ya cikin lissafina.

Masu kantuna a Jamus da waɗansu ƙasashe sun samo dabara. Suka sa wa amalanken makulli, sai mutum ya saka kwabo take fita daga jeri, in ya mayar ya karɓi kwabonsa. Dabarar tana aiki ƙwarai, ba kuma laifi a cikinta. Sai dai ba ta gyara kowa ba, ta dai mai da ladabi ciniki. Ba kuma makullin da za a iya sa wa rijiyar Tenere.

Hujjar da aka fi ji daga bakin masu bari ita ce, ai akwai wanda aka ɗauka domin wannan aiki, ana biyansa. Waɗansu har sukan ƙara da cewa in kowa ya mayar, yaron zai rasa abincinsa. Wannan tausayin ƙarya ne. Ba mai zubar da miya a ɗakin uwarsa don kada ta rasa abin sharewa. Ya kamata kuma masu karatun Hausa su tuna ko wane ne wannan yaron. A garuruwan Libiya, mai sharar titi, mai wankin mota, mai dakon siminti, mai tura baro a kasuwa, sau da yawa baƙo ne daga kudu, wani lokaci ɗan Maraɗi ko ɗan Kano. Shi ne yake sunkuyawa ya ɗauke abin da wani ya yar. Duk wanda ya taɓa yin wannan aiki ya san bambancin mai gidan da yake jera kayan aiki wuri ɗaya kafin ya tafi, da wanda yake watsar da su ya wuce ba ko waiwaye. Na biyun bai zage shi ba, bai doke shi ba. Ya dai nuna masa cewa bayansa da lokacinsa ba su da daraja.

A watan Afrilu na 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fitar da shaidar waɗansu 'yan Afirka ta Yamma da suka ce a Sabha an sayar da mutane kamar kaya, har a filin ajiye motoci. Tsakanin yar wa lebura amalanke da sayar da shi akwai tafiya mai nisa ƙwarai, ba daidai ba ne a haɗa su a ma'auni ɗaya. Amma ba wanda yake wayar gari ya sa wa ɗan Adam farashi in bai daɗe da koyon kallonsa kamar kayan aiki ba. Ana fara koyon wannan darasi ne a kan ƙananan abubuwa, inda ba jini, ba kuka. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, shi yake tsone maka ido.

To, ashe masu cewa amalanke ma'aunin hali ce sun yi gaskiya ke nan? Suna da madogara. Baran Ibrahim, a Farawa sura 24, da irin wannan ma'auni ya zaɓa wa Ishaku mata. Ya roƙi Allah ya nuna masa yarinyar da za ta ba shi ruwa, ta kuma ɗebo wa raƙumansa ba a tambaye ta ba. Raƙuma goma ne, raƙumi mai ƙishi kuwa yakan shanye lita 100 a tashi ɗaya. Rifkatu ba ta san ana gwada ta ba, shi ya sa gwajin ya yi amfani. Luka 16:10 ma ya koyar cewa amincin mutum a ƙaramin abu yana nuna amincinsa a babba.

Duk da haka ma'aunin yana da haɗari a hannun mai son auna wasu. Macen da ta bar amalanke mai yiwuwa tana da goyo a baya da wani yana kuka a mota. Tsohon da ya bari wataƙila da ita ya dogara ya iso wurin, ba shi da ƙafar komowa in ya mayar. A hamada ma haka. Bayan Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, wadda aka soke a 2023, direbobi suka riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun sintiri, wanda ya tsaya kuma a tsorace yake tsayawa. A tsakiyar shekara ta 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishi tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Fasinjan da direba yake yi wa tsawa ya hau ko a bar shi, in bai ja murfin rijiya ba, wa zai tsaya ya yanke masa hukunci? A ɗaya gefen kuma, azzalumi yana iya zama mai tsabta da tsari, ya jera kome a mazauninsa, ya hana ma'aikacinsa lada. Bafarisiyen nan na Luka sura 18 ba shakka da ya mayar da amalankensa, da kuma ya tsaya yana ƙirga waɗanda ba su mayar ba. Ma'aunin yana da kyau in mutum ya hau shi da kansa. Ranar da ya ɗora maƙwabcinsa a kai, ya fara ɓata abin da yake neman gyarawa, gama ladabin da ya zama dalilin raina mutane ya riga ya ruɓe.

Abin da ya fi dacewa da mai bi, in ya tarar da ta wani a yashe, shi ne ya haɗa da tasa ya tura. Maimaitawar Shari'a sura 22 ta hana mutum ya ga dabbar ɗan'uwansa ta ɓace ya yi kamar bai gani ba, ta kuma faɗaɗa dokar har ta kai ga riga da kowane abin da aka yar. Ba a ce sai an binciki dalilin sakacin mai shi ba.

Ba sai an je Fazzan za a sami wurin gwada wannan ba. Bayan sujadar Lahadi, a majami'u da yawa, littattafan waƙoƙi sukan kwana a ƙasa, bencin da aka fitar don biki ya yi mako a waje ruwa yana dukansa, tukwanen zumuntar mata su tafi gidan suna su yi wata uku ba su komo ba. Kowa ya san mutum biyu ko uku ne kullum suke tsayawa su tattara, galibi tsofaffin mata da mai kula da majami'a. Sauran sun yi waƙar ƙaunar maƙwabci sun tafi cin abinci. Ɗalibin annabin nan na 2 Sarakuna sura 6, wanda bakin gatarinsa ya faɗa cikin Kogin Urdun, abin da ya sa ya yi kururuwa shi ne gatarin na aro ne. Elisha kuwa bai ce masa ƙaramin abu ne ba. Ya tambayi wurin da ya faɗa, ya jefa sanda, ƙarfen ya taso.

Ubangiji da kansa ya yi aro. Kwale-kwalen da ya zauna ya yi koyarwa na Siman ne, benen da ya ci Jibin Ƙetarewa na wani ne, har kabarin ma na Yusufu mutumin Arimatiya ne. Sa'ad da yake shirin shiga Urushalima, ya aiki almajirai biyu su kwanto wani ɗan jaki a ƙauyen da ke gabansu. Markus 11:3 ya nuna saƙon da ya ba su domin masu dabbar yana da kashi biyu: cewa yana bukatarta, da kuma cewa zai komo da ita ba da daɗewa ba. A wannan rana taro yana gabansa da rassan itatuwa, gicciye yana jiransa kafin mako ya ƙare, ya riga ya faɗa wa almajiransa haka har sau uku. Cikin wannan duka ya tuna cewa akwai wani talaka a wajen Betafaji da zai bukaci jakinsa da safe.